Shin tsohon birnin Kartahena ya cancanci wahalar zuwa?

Usman_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A wurin aikinmu za a tura ni taro Bogota, babban birnin Kolombiya, cikin watan Fabrairu, kuma bayan an tashi daga taron zan sami 'yan kwanaki kafin ranar dawowa. Wani abokin aikina ya ba ni shawarar in leƙa Kartahena, wanda suke rubutawa Cartagena, tsohon birnin nan na bakin tekun Karebiyan da Turawan Sifaniya suka gina. Wani kuma ya ce kada in ɓata kuɗina, domin a faɗarsa babu komai a can sai wankan teku da kiɗe-kiɗen dare, abubuwan da ba su dame ni ba. Ni tarihi nake so. Ina roƙon waɗanda suka taɓa zuwa, ko suka karanci tarihin wurin, su gaya mini tsakani da Allah: akwai abin da mutum irina zai gani ya ƙaru? Kuma Musulmi zai iya zama a can ba tare da takura ba ta fuskar abinci da salla?

Hajiya_MaiTafiya:
Wa alaikumus salam, Malam Usman. Wanda ya ce maka babu komai sai wankan teku, ina kyautata zaton a unguwar Bocagrande ya sauka, inda dogayen otal-otal suke jere a bakin ruwa, bai kuma ba tsohon garin haƙƙinsa ba. Daga Bogota tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a jirgin sama. Ka shirya wa sauyin yanayi, domin Bogota tana kan tudu mai tsawon kusan mita 2,600 kuma akwai sanyi, amma da an buɗe ƙofar jirgi a Kartahena zafi mai gumi ne zai tarbe ka. Ka yi sa'a da Fabrairu, lokacin rani ne a can, kuma iskar teku tana kaɗawa da yamma.

Pedro de Heredia ne ya kafa garin a 1533, a wurin da 'yan asalin ƙasar suke da ƙauyensu mai suna Calamarí. Ganuwar da ta kewaye tsohon garin ta kai kimanin kilomita 11, ana hawa kanta a yi tafiya, kuma igwoyin zamanin da suna nan sun fuskanci teku. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dutsen da aka yi ginin da shi. Dutsen murjani ne da aka sassaƙo, idan ka matsa kusa ka shafa za ka ji shi da kaushi da ƙananan ramuka, har ka ga zanen halittun ruwa a jikinsa. Ka fita bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga kuma kafin manyan jiragen ruwan 'yan yawon buɗe ido su sauke mutanensu. Tun 1984 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Malamin_Tarihi:
Bari in ɗora a kan bayanin Hajiya, domin ganuwar ba za ta yi maka ma'ana ba sai ka san abin da aka gina ta don karewa. Kartahena ce tashar da jerin jiragen Sifaniya suke fakewa suna jiran azurfar Peru da ake tsallako da ita ta Panama, a nan kuma ake tara zinariyar da ake haƙowa a cikin ƙasa, kafin a wuce Havana a nufi Sifaniya. Inda dukiya ta taru haka, dole ido ya yi yawa. A 1586 Francis Drake na Ingila ya ci garin, bai fita ba sai da aka biya shi fansa, kuma bayan wannan ne sarautar Sifaniya ta ɗauki maganar katange garin da muhimmanci. A 1697 Faransawa ƙarƙashin Pointis suka sake wawashe shi. Aikin ganuwar ya ɗauki kusan shekara 200, sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka kammala.

Babban gwajin ya zo a 1741, lokacin da Edward Vernon, kwamandan ruwan Ingila, ya zo da jiragen ruwa fiye da 180 da mutane sama da 25,000, alhali masu tsaron garin ba su wuce 'yan dubbai ba, da jiragen yaƙi 6 kacal. Kwamandan ruwansu, Blas de Lezo, ya riga ya rasa ƙafa ɗaya da ido ɗaya a yaƙe-yaƙen baya, hannunsa ɗaya kuma ba ya aiki. A Ingila har an buga lambobin tunawa da nasara tun ba a gama yaƙin ba. Harin da suka kai wa sansanin San Felipe ya ci tura, ciwon shawara da atini suka yi musu mummunar ɓarna, suka janye. Wannan sansanin yana nan a kan tudun San Lázaro, cike da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu ƙunci waɗanda ake shiga har yau. Idan wuri ɗaya kawai za ka biya kuɗin shiga, to ka biya na nan.

Dan_Damagaram:
Malamin Tarihi, ka ambaci kwamandoji da sarakuna, amma ba ka ambaci waɗanda suka ɗauki duwatsun a kansu ba. Da gumin bayi baƙar fata aka yi mafi yawan wannan aiki. Kartahena tana cikin 'yan tsirarun tashoshin da Sifaniya ta yarda a sauke bayi a cikinsu, tare da Veracruz ta Meziko, kuma dubun dubatar 'yan Afirka sun bi ta nan, wasu aka tura su ramukan zinariya, wasu aka wuce da su har Peru. Filin da ke bayan ƙofar hasumiyar agogo, wanda ake kira Plaza de los Coches, nan ne aka yi kasuwar bayi. Yau mutane suna tsayawa a wurin suna ɗaukar hoto suna sayen alewa. Ni wannan yana damuna ƙwarai, kuma ban tabbata ya dace ɗan Afirka ya kwashi kuɗinsa ya je ya yaba kyan gidajen waɗanda suka yi cinikin 'yan uwansa ba.

Sadiya_Tudunwada:
Yaya na Damagaram, damuwarka tana kan hanya, amma ni ita ce ma ta sa nake ganin zuwan ya kamata. Mutane suna tashi daga Amurka su zo Gore a Senegal da Elmina a Gana don su ga inda aka loda kakanninsu. Mu kuma da muke wannan ɓangaren, me zai hana mu je mu ga inda aka sauke su? Rashin zuwanmu ba zai rufe kasuwar hoton ba, sai dai ya bar labarin a bakin waɗanda ba su damu da shi ba.

AbbaKwari:
Na taɓa jin cewa akwai Hausawa da yawa cikin bayin da aka kai Kudancin Amurka, har ma sun yi tawaye. Ashe ke nan Malam Usman zai iya tarar da jikokin Hausawa a Kartahena?

Malamin_Tarihi:
Malam Abba, labarin da ka ji gaskiya ne, amma ba na Kartahena ba ne, na Bahia ne a Birazil, ƙasar da Fotugal ta mallaka. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, aka kai Hausawa da yawa can, kuma an bankaɗo shirin tawayensu a 1807, sannan aka yi babban tawayen Musulmi na 1835 wanda Yarbawa suka fi yawa a cikinsa, da Hausawa a tare da su. Cinikin bayi a Kartahena ya fi ƙarfi tun kafin wannan da nisa, musamman tsakanin 1595 da 1640, lokacin da 'yan kasuwar Fotugal suke riƙe da kwangilar, kuma mafi yawan mutanen daga Angola da Kwango da yankin kogunan Gini da Senegambiya aka kwaso su. Musulmi dai akwai su, daga cikin Wolof da Mandinka da Fulani. Sarautar Sifaniya tana tsoronsu tun bayan tawayen da bayin Wolof suka yi a tsibirin Hispaniola a ƙarshen 1521, har ta fitar da dokokin hana kawo su, ko da yake 'yan kasuwa ba su daina ba.

Game da abin da Dan Damagaram ya ce, ban musa ba. Zan ma ƙara masa da cewa a 1610 aka kafa kotun binciken aƙida ta cocin Katolika a garin, kuma gidan da ta zauna, wanda aka kammala a 1770, yana nan a dandalin Bolívar, an mai da shi gidan tarihi. Baƙaƙen mata da dama sun gurfana a gabanta bisa zargin maita.

Bulus_Wusasa:
Tun da an shiga wannan magana, ya kamata a ambaci Pedro Claver, fada ɗan ƙungiyar Jesuit ta cocin Katolika wanda ya iso garin a 1610 ya rasu a 1654. Kusan shekara 40 ya yi yana tarbar jiragen bayi a tasha, yana shiga cikinsu da ruwa da 'ya'yan itace da magani, a lokacin da warin wurin kaɗai yake korar mutane, yana wanke gyambunan marasa lafiya da hannunsa. Ya kira kansa bawan baƙar fata har abada. Cocin da ke ɗauke da sunansa yana cikin ganuwa, ƙasusuwansa suna ƙarƙashin bagadi a akwatin gilashi, ana kuma nuna ɗan ƙaramin ɗakin da ya zauna. Malam Usman, ko da ba addininka ba ne, ka shiga ka ga ɗakin.

Dan_Damagaram:
Malam Bulus, ina girmama tausayin mutumin, ba kuwa ƙaramin abu ba ne a zamanin da ya rayu. Sai dai a faɗi ɗaya gefen: bai nemi a soke bautar ba, ƙungiyarsa tana da bayi, kuma tafintocin da yake aiki da su ma bayi ne da aka saya don wannan aikin. Baftismar da ya yi wa mutanen da suka sauko a galabaice, cikinsu har da Musulmi, ba za a ce zaɓinsu ba ce. Ba a soke bauta a Kolombiya ba sai da dokar 1851, kusan shekara 200 bayan rasuwarsa.

Bulus_Wusasa:
Abin da ka faɗa game da tafintocin haka yake. Ni dai ina auna shi ne da maƙwabtansa na wancan lokaci, waɗanda ba su ga dalilin ko miƙa ruwa ba.

Hajiya_MaiTafiya:
Ɗana na Damagaram, idan waɗanda suka ƙwaci kansu kake nema, suna nan, kuma ba su da nisa. San Basilio de Palenque ƙaramin gari ne mai tazarar kimanin kilomita 50 daga Kartahena, wanda jikokin bayin da suka gudu suka kafa. Jagoran farko na masu gudun, Benkos Biohó, daga yankin Gini Bisau ta yau aka kamo shi. Ya tsere, ya kafa sansani a daji, ya tilasta wa gwamna yin sulhu da shi, daga baya aka ci amanarsa aka rataye shi a 1621. Mutanensa ba su miƙa wuya ba, har sarautar Sifaniya ta fitar da takardar amincewa da 'yancinsu a 1691. A tsakiyar garin akwai mutum-mutuminsa, ya miƙa hannu da tsinkakkiyar sarƙa. Suna da harshensu na kansu, wanda ya haɗa Sifaniyanci da kalmomin Kikongo, suna da waƙoƙin makoki da ganguna da suka gada, kuma UNESCO ta amince da al'adunsu a 2005.

Matan nan masu riguna kala-kala da kwanon 'ya'yan itace a ka, waɗanda ake gani a duk hotunan Kartahena, asalinsu daga can ne. Wata dattijuwa a cikinsu ta sayar mini da wani abin zaƙi da suke kira alegría. Da na gutsura sai na ga gugurun dawa ne aka dunƙule da mazarƙwaila da kwakwa. Na tsaya ina kallonta, tana gyara gammonta da hannu ɗaya tana ƙirga canji da ɗayan, ba mu da harshen da za mu yi magana da juna sai murmushi. Idan za ka ɗauki hotonsu ka biya su da daɗin rai, domin sana'arsu ke nan.

Injiniya_Kabiru:
An bar tambayarka ta biyu, Malam Usman, ita kuwa ce za ka fuskanta sau uku a rana. Kifi ne mafitarka. Abincin bakin tekun shi ne soyayyen kifi da shinkafar kwakwa da soyayyen agade da ake dannewa a sake soyawa, kuma kusan ko'ina za ka same shi. Akwai wainar masara mai ƙwai a ciki da ake soyawa a bakin titi, akwai kuma miyar doya da cuku. Inda za ka yi hattara shi ne naman alade, wanda suke kira cerdo, da soyayyar fatarsa da suke kira chicharrón, domin suna sa su a wake da miya da cikin soye-soyen rogo, wani lokaci kuma mai ɗaya ake soya komai da shi. Ka rubuta kalmomin nan biyu a wayarka ka riƙa nunawa. Akwai zuriyar Larabawan Siriya da Lebanon da suka zauna a gaɓar tun ƙarshen ƙarni na 19, shi ya sa za ka ga gidajen abincin Larabawa, amma mafi yawan waɗanda suka zo Kiristoci ne, saboda haka kada ka ɗauka naman yankan Musulmi ne sai ka tambaya.

Batun salla kuwa, Musulmi tsiraru ne ƙwarai, ba za ka ji kiran salla ba, kuma babban masallacin da aka sani a yankin yana Maicao ne, can kusa da iyakar Benezuwela, nesa da kai. Ka tafi da dardumarka, ka yi ƙasaru a masaukinka. Alƙibla tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa, kuma Najeriya tana gabansu da awa 6. Kada ka manta katinka na rigakafin shawara.

Garba_Duwala:
Ni ina da wata shawara dabam ga sauran masu karatu da ba su da taro a Bogota. Wanda yake son ganin ginin Sifaniyawa a bakin teku ba sai ya tsallaka Atilantika ba, Malabo tana nan a tsibirin Bioko na Ikwatoriyal Gini, kusa da mu a Duwala. Fotugal ta miƙa wa Sifaniya tsibirin a 1778, ƙasar ta sami 'yanci a 1968, kuma har yau Sifaniyanci ake yi. Babban cocin Santa Isabel da aka kammala a 1916 yana nan, ko da yake gobara ta taɓa shi a farkon 2020. 'Yan Najeriya masu yawa sun yi aikin gonakin koko a can har zuwa tsakiyar shekarun 1970.

Sadiya_Tudunwada:
Malam Garba, Malabo tana da nata tarihin, amma ba sa'ar Kartahena ba ce. Turawan Ingila ne ma suka fara kafa garin a 1827, kusan shekara 300 bayan Kartahena, kuma ba ta da ganuwa ko sansanin yaƙi irin wanda ake magana.

Magini_Dala:
Ni a matsayina na mai sana'ar gini, gidajen ne suka fi jan hankalina a duk abin da na karanta na kuma gani a zane-zanen garin. Daga titi ba ka ganin komai sai babbar ƙofar katako da baranda a sama. Ka shiga ta wani ɗakin shiga, sannan ka fito tsakar gida mai inuwa da ramin tara ruwan sama, ɗakuna sun kewaye ta, kamar dai yadda zaure yake tsare mutuncin gidan Bahaushe. Wannan tsari Sifaniyawa sun taho da shi daga kudancin ƙasarsu, inda Musulmin Andalus suka yi mulki har faɗuwar Granada a 1492, kuma rufin katako mai sassaƙa da ke wasu coci-cocin garin, kamar Santo Toribio, salon maginan Andalus ne. Malam Usman, ka ɗaga kai idan ka shiga.

Abin da yake ci mini rai shi ne namu. Su ma sun rushe wani ɓangare na ganuwarsu a farkon ƙarni na 20 da sunan ci gaba, amma suka farga suka tsaya, yanzu ita ce take ciyar da garin. Mu kuwa ganuwar Kano, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, ɗaruruwan shekaru kafin a san za a yi Kartahena, muna kallo ana cinye ta da shaguna da gidaje, an kuma rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi.

Injiniya_Kabiru:
Magini, a yi adalci, tasu dutse ce, tamu ƙasa, kuma ginin ƙasa yana neman yaɓe duk bayan damina. Amma Agadas ma ƙasa ce, ta kuma shiga jerin UNESCO a 2013, saboda haka ba kayan ginin ne kaɗai matsalar ba.

Dan_Damagaram:
Kafin mu yi nisa da yabon yadda suka adana garinsu, a tambayi wa aka adana wa. Kartahena gari ne na mutum kusan miliyan ɗaya, kuma mafi yawansu ba sa zaune a cikin ganuwa. An mai da tsofaffin gidajen otal-otal da kantunan masu kuɗi, talakawa kuwa, waɗanda akasarinsu baƙaƙe ne, suna can unguwannin bayan gari. Unguwar Chambacú da ke gindin ganuwa an tashe ta ɗungurungum a farkon shekarun 1970. Getsemaní ma, unguwar masu sana'ar hannu wadda maƙeri Pedro Romero ya fito da mutanenta suka tilasta ayyana 'yancin kai daga Sifaniya ranar 11 ga Nuwamba 1811, yanzu tsadar haya tana korar 'ya'yanta. Kakanninsu ne suka mutu da yunwa a 1815 lokacin da Pablo Morillo, janar ɗin Sifaniya, ya yi wa garin ƙawanya fiye da wata uku. Idan har Malam Usman zai je, to ya je kasuwar Bazurto ya ga inda mutanen garin suke cefane, ya kuma kashe kuɗinsa a hannunsu.

Hajiya_MaiTafiya:
Bazurto kam a je, amma da ɗan gari kuma da safe, a bar fasfo da manyan kuɗi a masauki, domin cunkoso ne sosai. A cikin ganuwa ban ga abin tsoro ba, akwai 'yan sanda, kuma a garin ne aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu da 'yan tawayen FARC a watan Satumba na 2016. Abin da zai gajiyar da kai shi ne nacin masu talla da masu neman yi maka jagora. Duk abin da za ka saya ko za ka hau, ku yanke farashi tukuna kafin ka karɓa.

Usman_Gwale:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yanke shawarar zan je. Maganar Dan Damagaram ta zauna mini, ba kuma zan ce ta daina damuna ba. Tambayar da ta rage ita ce ta lokaci, tun da kwanakin kaɗan ne: idan dole in zaɓa tsakanin yini guda a Palenque da yini guda a sansanin San Felipe da gidajen tarihin cikin gari, wanne zan fifita?

Malamin_Tarihi:
San Felipe da safe, gidan kotun aƙida da cocin Claver da rana lokacin da zafi ya hana yawo, ganuwa da la'asar. Sai ka ga girman ƙarfin da mutanen Palenque suka tsere wa, sannan zuwa garinsu zai yi maka nauyin da ya kamata.

Dan_Damagaram:
Ni da Palenque zan fara, Malam. Sansanin da ganuwar ana iya kewaya su cikin 'yan awoyi a ranar tafiya, amma Palenque tana bukatar yini cikakke, da ɗan jagora haifaffen garin wanda kuɗin zai shiga aljihunsa kai tsaye. Ka kama hanya da sassafe, domin fita daga Kartahena akwai cunkoson motoci, kuma zafin can cikin ƙasa ya fi na bakin teku.